Ranar Da Na Ga Teku



A 2019 ofis ya tura ni kwas Landan. Wata Asabar na hau jirgin ƙasa, cikin awa ɗaya sai ga ni a Buraiton. Jama'a maƙil, ga kiɗa, ga ƙamshin soyayyen kifi. Bakin tekun kuwa ba yashi, tsakuwa ce zalla.

Da Azahar na hango wani gini mai ƙubbobi, na nufe shi da alwalata. Ashe gidan shaƙatawar Sarki Joji na Huɗu ne! Aka ce in sayi tikiti.

Malam, tekun da ka zana mana da alli, sai da na shekara 30 na gan shi. Ina roƙon ƙungiya ta kai 'yan aji shida Badagiri bana.