Jawabi: Ba Kowace Mai Jinkirin Haihuwa Ce Juya Ba



A ƙasar da binciken 2012 ya nuna kowace mace tana haihuwar 'ya'ya 7,6 bisa matsakaicin lissafi, wadda ta shekara uku ba goyo takan sha gori, a kira ta juya, a yi mata kishiya ko a ba ta takardarta. Alhali sau da yawa ciwo ne mai magani.

Likitoci biyu na birnin Chicago a Amurka, Stein da Leventhal, su suka bayyana shi a 1935. Da Faransanci ana kiran sa SOPK. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kama wajen mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa, kuma har kashi 70 cikin 100 nasu ba a gano yana jikinsu ba. Asalinsa rikicewar sinadaran jiki ne: sinadarin maza yakan yi wa mace yawa, jiki ya ƙi jin insulin mai daidaita suga, ƙwai ya kasa nuna balle ya fito. Tun taron Rotterdam na 2003, alamu biyu cikin uku sun isa: al'ada mai tsallake watanni, gashi a haɓa ko ƙuraje, da tarin ƙananan ƙwayaye a hoton eko.

Samun cikin ba shi ne ƙarshen wahala ba. Mai wannan ciwo ta fi saura haɗarin ɓari, ciwon suga na masu ciki, hawan jinin da kan kai ga jijjiga, haihuwar bakwaini da fiɗa. Saboda haka ƙa'idar likitocin duniya ta 2023 ta ce a yi mata awon suga kafin ciki ko a farkonsa, a maimaita tsakanin mako na 24 da na 28, a riƙa duba hawan jini. Mai ƙiba, in ta rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta, al'ada kan daidaita. Akwai kuma letrozole mai sa ƙwai ya fito, amma daga hannun likita, ba na tebur ba.

Gwamnatin Nijar ta mai da fiɗar haihuwa kyauta a 2005, awon ciki a 2006, sai dai jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya raunana alkawarin. Haƙƙin talakawa ne su nemi a tanadi awon suga a kowace CSI, daga Gabi har Ɗan Isa, kada sai mace ta galabaita a garzaya da ita Maraɗi.

Magidanta kuwa, kuɗin da za a kashe wajen lefen amarya, kaɗan daga cikinsa ya isa kai uwargida asibitin gundumar Madarumfa. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya sauki masu ciki lafiya. Wassalam.