Malamin Jami'a da Ma'aunin Aikinsa: Misali Daga Dutsin-Ma da Kurfi



Abin da za a yi magana a kansa shi ne malamin jami'a, watau yadda yake shiga aiki, da yadda yake hawa, da kuma abin da ake aunawa kafin a ce ya isa ya hau. An ɗauko misali daga Dutsin-Ma da maƙwabciyarta Kurfi, domin a wannan yanki ne aka dasa sabuwar jami'a a tsakiyar manoma da makiyaya. A Zariya ko Kano malami yana iya shiga harabar jami'a ya manta da abin da yake bayan katanga. A Dutsin-Ma kuwa da wuya, don wanda ya sayar masa da itace da safe shi ne uban yaron da zai zauna a gabansa da hantsi.

Ba da jami'a Dutsin-Ma ta fara sanin malamai ba. Akwai Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, wadda take ɗauke da sunan Wazirin Katsina, Ministan Ilmi na Jihar Arewa a zamanin Sardauna. A 2011 ne Gwamnatin Tarayya ta buɗe sababbin jami'o'i tara a lokaci guda, ɗaya daga ciki ta faɗo Dutsin-Ma. Shugabanta na farko, Farfesa James Ayatse, mutumin Binuwai ne, ya taɓa shugabantar Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi, daga baya kuma mutanensa suka naɗa shi Tor Tiv. Sabuwar jami'a ba ta da tsofaffin malamai nata na kanta, saboda haka sai ta yi aro. Wasu suka zo daga Zariya da Kano da Sakkwato da sunan hutun shekara ko ziyara, sauran kuwa samari ne da aka ɗauka ba su daɗe da gama digiri ba. Waɗannan samari su ne jami'ar za ta dogara da su shekara talatin masu zuwa, don haka ya kamata a san irin tsanin da aka kafa musu.

Tsanin yana da matakala bakwai. Mai digirin farko da ya yi fice ana riƙe shi a matsayin mataimaki, da sharaɗin ya ci gaba da karatu. Idan ya sami digiri na biyu sai ya zama mataimakin lakcara. Daga nan sai lakcara mai daraja ta biyu, wadda nan ne mai digirin dakta yakan fara, sai mai daraja ta ɗaya, sai babban lakcara, sai mataimakin farfesa, sa'an nan farfesa, wanda Hausawa suka raɗa wa suna shehun malami. Bisa al'ada ba a tsallaka wata matakala sai an shekara uku a kan ta baya. Ke nan wanda ya shigo da digirin dakta a hannu, in komi ya tafi daidai, sai ya yi shekara goma sha biyu kafin ya kai ƙololuwa, kuma ba kasafai komi yake tafiya daidai ba. Dokar 2012 ta ba masu muƙamin farfesa damar zama har shekara 70 da haihuwa, sauran malamai kuwa 65.

Ma'aikacin gwamnati da yake sauraro zai ce ai wannan ba baƙon abu ba ne, shi ma haka yake jiran shekarunsa su cika. To, amma fa akwai bambanci. Shekaru kaɗai ba su ɗaga malamin jami'a. A takarda an ce ayyukansa uku ne: koyarwa, da bincike, da hidimar jama'a. Idan kwamitin ƙarin girma ya zauna, abin da yake ƙirgawa da gaske shi ne maƙalun da malami ya buga a mujallun ilmi, kowace da makinta, ta ƙasar waje ta fi ta gida tsada. In kuwa muƙamin ya kai na mataimakin farfesa ko farfesa, sai a ɗaure takardun a aika wa wasu shehunan malamai na wasu jami'o'i, ba tare da mai su ya san ko su wane ne ba, su karanta su yanke hukunci. Wannan tsari yana da hikima, domin yana rage son kai da sanayya. Sai dai alƙalin da yake Ibadan ko Nsukka takarda kawai ya gani. Bai taɓa shiga ajin mutumin ba, bai san ko ɗalibansa suna fahimtarsa ba, bai san ko yana duba takardun jarrabawa da idonsa ko kuwa yana bar wa wani ba.

Sakamakon haka a fili yake, kuma ɗalibai sun fi kowa saninsa. A ɗauki malamai biyu da aka ɗauka aiki rana ɗaya. Na farko aka ɗora masa ajin 'yan shekarar farko mai cike da ɗaruruwan yara, waɗanda yawancinsu suka fito daga makarantun ƙauye da Turanci gurgu. Ya zauna da su, ya maimaita, ya duba rubutun kowa, ya ja wanda ya faɗi gefe ya nuna masa inda ya kauce. Na biyu ya gane inda makin yake, sai ya taƙaita aji, ya haɗa kai da abokai huɗu, kowa ya rubuta maƙala ɗaya ya sa sunan sauran, aka biya kuɗi wata mujalla da ba ta ƙin kowa ta buga. Bayan shekara shida na biyun ya zama shugaban na farkon. Ba a ce duk mai yawan maƙala haka ya yi ba, akwai masu gumi na gaskiya da yawa. Abin da ake cewa shi ne ma'aunin ba ya iya rarrabe su, kuma saurayin da ya shigo aiki jiya yana kallo, yana koyon abin da ake sakawa a kansa.

Sai batun abin da ake bincikawa, wanda ya fi na farko nauyi. Akwai zaton da ya zama ruwan dare cewa bincike mai daraja shi ne wanda ya yi nisa da gida. Tarihin wannan yanki ya ƙaryata haka tun tuni. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya tafi Jami'ar Indiana ta Amurka, ya sami digirin dakta a 1975, kuma abin da ya kai musu shi ne nazarin Mamman Shata, mutumin Musawa, wanda a lokacin mutane da yawa ba su ɗauke shi komi ba sai maroƙi. Ba a daɗe ba waƙar baka ta zama fanni mai zaman kansa a sassan Hausa. Dakta Yusufu Bala Usman, shi ma haifaffen Musawa ne, a 1945. Ya bi garuruwa da kufai na ƙasar Katsina, ya zauna gaban tsofaffi, ya karanta takardun Larabci da na Turawan mulki, ya fito da littafinsa a kan sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a Zariya a 1981. Har yau ba mai rubuta tarihin ƙasar Hausa ya tsallake shi. Abin lura kuma, har ya rasu a 2005 Dakta ake ce masa, alhali waɗanda suka zauna a ajinsa da yawa sun zama shehunan malamai. A fannin noma ma haka ne. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta daɗe tana fitar da irin masara da dawa da gyaɗa da wake, har zuwa waken nan mai jure wa tsutsa da aka saki a 2019. Manomin da ya shuka shi bai karanta maƙala ko ɗaya ba, amma ya ga amfanin binciken a rumbunsa.

Da wannan ido, malamin Dutsin-Ma ba shi da dalilin neman abin nazari. Ga madatsar ruwa ta Zoɓe a gefensa, wadda aka kammala a 1983 domin noman rani da ruwan sha, ta kuma yi shekaru masu yawa ruwa yana kwance ba a ci moriyarsa yadda aka tsara ba. Me ya jawo haka? Tambayar ta isa ta riƙe injiniya da masanin tattalin arziki da masanin mulki, kowa da nasa ɓangare. Ga kifin da yake cikinta da masuntan da suke kamunsa, ga ƙasar da yashi yake cikewa, ga burtalin shanu da gonaki suka cinye, wanda rigimarsa ba ta rasa hannu a cikin bala'in da ya sami dajin Rugu da ƙauyukan Safana da Batsari da Ɗanmusa. Malamin Hausa kuwa ga karin harshen Katsinanci, wanda rediyo da waya suke gogewa a bakin yara, ga takardun ajami a cikin gafakar malaman zaure da gara take ci.

Kurfi, wadda take kan hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma, tana da darasi na musamman ga ma'aikatan gwamnati. Alhaji Amadu Kurfi, wanda ya riƙe sarautar Maradin Katsina, ma'aikacin gwamnati ne, ba malamin jami'a ba. Ya yi sakataren hukumar zaɓe ta tarayya da ta gudanar da zaɓen 1979, bayan haka ya zauna ya rubuta littafi a kan zaɓukan 1959 da 1979, kuma malaman kimiyyar siyasa suna komawa gare shi. Ba kowane ma'aikaci zai rubuta littafi ba, amma kowane ofishi yana da fayil. Malami yakan je sakatariyar ƙaramar hukuma neman ƙididdigar rijiyoyi ko ta yara 'yan makaranta, a ce masa mai mabuɗi ba ya nan, ya dawo gobe. Idan ya gaji da zirga-zirga sai ya koma ɗakinsa ya kwafo alƙaluman wata ƙasa. Shi ma ma'aikacin yana da nasa ƙorafin, kuma gaskiyarsa ne: sau nawa aka zo aka cika masa tebur da tambayoyi, aka tafi, bai sake jin abin da aka gano ba?

Adalci ne a faɗi abin da ya fi ƙarfin malamin. Yajin aikin ƙungiyar ASUU ya rufe jami'o'in tarayya kimanin wata tara a 2020, da wata takwas a 2022, aka kuma riƙe albashin waɗannan watanni na 2022. Mutumin da yake tunanin kuɗin haya ba zai sayi man zuwa ƙauye da aljihunsa ba. Asusun TETFund ya gina ɗakuna, ya tura malamai da dama karatu ciki da waje, sai dai wanda aka tura ba dole ya dawo ba in ya ga inda ya fi. Ga kuma tsoro. A watan Oktoba na 2023 'yan bindiga suka shiga garin Dutsin-Ma suka ɗauke ɗalibai mata biyar daga masaukinsu. Bayan irin wannan, wane shugaban sashe ne zai sa hannu ɗalibi ya tafi ƙauye tattara bayani?

Duk da haka akwai abin da yake hannun jami'a, ba sai an jira Abuja ba, domin majalisar kowace jami'a ita take tsara sharuɗɗan ƙarin girman malamanta. Tana iya sa babban malami ya shiga ajin ƙarami sau biyu a zango, ya rubuta abin da ya gani, a sa a fayil, a ba shi maki. Tana iya cewa wanda zai hau babban lakcara ya zaɓi maƙalunsa biyar da ya fi amincewa da su, a karanta su da kyau, maimakon a ƙirga ashirin ba a buɗe ko ɗaya ba. Tana kuma iya sharɗanta cewa duk binciken da aka yi a wani gari, a taƙaita shi da Hausa a shafi biyu, a kai wa hakimi da sakataren ƙaramar hukuma da mutanen da aka yi wa tambayoyi. Sashen Hausa yana da masu iya wannan fassara, kuma tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi tafiyar da ba ta kai awa guda ba ce a mota.