Ƙaramin Jirgin Sama Ƙirar Gida: Ina Sirrin Gudu Yake?

A Amurka da wasu ƙasashen Turai doka ta yarda mutum ya ƙera wa kansa ƙaramin jirgin sama a garejin gidansa, hukuma ta duba ingancinsa, sa'an nan ya hau abinsa ya tashi. Wanda kuwa ya ƙudura ƙera jirgi mai kujera ɗaya, mai gudun tsiya, tambayar da ta kan fara hana shi barci ita ce: wane inji zai ɗora masa?

Galibi a kan zaci babban inji shi ne maganin gudu. Lissafi bai yarda da haka ba. Iska tana tirje wa jirgi ne gwargwadon saurinsa, har ma in ana so a ninka gudu sau biyu, sai an ninka ƙarfin inji sau takwas. Wanda ya ninka ƙarfin sau biyu kawai, abin da zai samu ƙarin kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai, ga nauyi, ga shan mai.

Bari mu gwada jirage uku. Na farko shi ne Cassutt, wanda wani matuƙi, Tom Cassutt, ya fara tashi da shi cikin 1954. Jikinsa bututun ƙarfe ne da aka lulluɓe da yadi, fukafukansa gajeru na katako. A fagen tsere ana ɗora masa injin Continental mai ƙarfin doki 100, ya kan kuwa zarce mil 200 cikin sa'a guda. Amma gajeren fiffike ba ya sauka a hankali, sai ƙwararre. Na biyu RV-3, ƙirar Richard VanGrunsven ta 1971, na alminiyam. Da injin Lycoming mai ƙarfin doki 150 ya kan ɗan haura mil 200, kuma ya sauka salin-alin a gajeren filin ciyawa. Na uku AR-5, wanda Mike Arnold ya ƙera a Kalifoniya da zaren gilashi, ya goge jikinsa sumul. Cikin 1992 ya yi mil 213 da ɗan injin Rotax mai ƙarfin doki 65 kacal.

Watau dai gudu a sura yake, ba a girman inji ba. To, amma akwai abin da ya fi gudu. Shi wannan Rotax ana son a buɗe shi a yi masa garambawul bayan aikin sa'a 300, alhali Lycoming ya kan kai 2,000. Injin mota in ya mutu, direba ya ratse gefen hanya ya jira makaniki. A sararin samaniya kuwa babu inda za a ratse. Saboda haka mai hankali ya kan nemi gudunsa wajen gyara surar jirgi, wajen zaɓen inji kuma ya nemi wanda zai komo da shi gida lafiya.