Kwamfutar Ofis a Rumbun Nesa



Tun daga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta tilasta wa ma'aikatu rufe ƙofofinsu, ma'aikata kuma suka koma aiki daga gidajensu, ɗaya daga cikin mas'alolin da suka dami shugabannin kamfanoni ita ce ta amana: ta yaya za a danƙa wa ma'aikaci sirrin ofis, da lissafin kuɗi, da bayanan abokan ciniki, alhali yana zaune a gari mai nisa, yana aiki da kwamfutar da ɓarawo zai iya ɗaukewa cikin dare guda?

Hikimar da kamfanin Amazon ya fito da ita a 2014 da sunan WorkSpaces, Microsoft kuma ya biyo da Windows 365 a 2021, ita ce a ajiye kwamfutar kacokan a manyan rumbunan bayanai, ta yadda abin da ke isowa ga ma'aikaci ta intanet hoton allo ne kawai, abin da ke komawa kuwa motsin yatsunsa. Idan an sace na'urarsa, takardun kamfani suna nan daram. Idan an ɗauki sabon ma'aikaci, a ranar za a buɗe masa tasa. Tsohuwar kwamfuta ma ta wadatar, domin nauyin aikin yana can rumbun. A ganina, wannan fa'ida ta kiyaye amana ta fi sauran girma.

Sai dai sharaɗin wannan hikima shi ne intanet mai ƙarfi da wutar lantarki, ga kuma kuɗin haya da ake biya kowane wata, wanda ya wajaba ƙaramin kamfani ya lissafa tun kafin ya sa hannu.