GWAZA DA JAN FUREN TURAI: WANNE YA DACE DA LAMBUNKA?

Wannan jawabi ne da malamin gona ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci, maza da mata, ranar da ya kai musu ziyara. Mun kawo shi domin amfanin masu karatu.

Ina godiya ga malaminku da ya ba ni wannan lokaci.

Tambaya ce ta kawo ni yau. Makon jiya wani dattijo daga cikinku ya zo mini da 'yar takardar iri. Ɗansa ne ya aiko masa daga birni. A jikin takardar akwai hoton fure ja wur, gwanin sha'awa. Ya ce da ni, "Malam, ina da ɗan fili a bakin rijiya. Da na yi niyyar sa gwaza, sai ga wannan. Wanne zan sa?" Na ce, "Baba, bari in zo aji in ba da amsa, kowa ya amfana."

Furen nan Turawa suna kiransa fofi. To, yau za mu ajiye gwaza a hannun dama, fofi a hannun hagu, mu duba halin kowanne. Abin da nake so ku riƙe shi ne, kowace shuka tana da wurin da take so. Wanda ya san wurin, shi ke cin moriyarta.

ASALINSU

Gwaza kowa ya san ta. A wasu wurare ana ce mata makani. Asalinta daga ƙasashen Asiya ne masu zafi da yawan ruwan sama. Ta daɗe ƙwarai da zuwa Afirka, har ta zama 'yar gida. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noma ta. Ana yin ta da yawa a kudancin ƙasar nan, da kudancin Kaduna, da Filato, da kuma fadamunmu.

Fofi kuwa ɗan Turai ne da ƙasashen da ke kusa da ita. A can, shi kaɗai yake fitowa cikin gonakin alkama, kamar yadda ciyawa take fitowa cikin geronmu. Manoman can ciyawa suka ɗauke shi. Masu lambu ne suka kai shi gida saboda kyaunsa. Tsayinsa yakan kai kamu ɗaya da 'yan kai, kamar santimita 60. Furensa ja ne mai kunne 4, sau da yawa da ɗigon baƙi a tsakiya.

Furen yana da tarihi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, bama-bamai sun tone ƙasa a Beljiyam da Faransa. Sai irin fofi da ya daɗe kwance cikin ƙasa ya tsiro, filayen yaƙi suka yi ja. Shi ya sa a Ingila ake maƙala shi a riga duk ranar 11 ga Nuwamba, don tunawa da sojojin da suka mutu.

RUWA DA RANA

Nan ne babban bambancinsu. Gwaza 'yar ruwa ce. Tana son ƙasa mai laima kullum, mai taki, irin ta fadama ko bakin rijiya. Idan ta sha ƙishi, ganyenta ya langaɓe, 'ya'yanta su tsumbure. Tana son zafi, kuma tana jure inuwa. Shi ya sa ake sa ta a gindin ayaba da sauran itatuwan lambu.

Fofi ba ya son ruwa ya kwanta a gindinsa. Idan ya kwanta, saiwarsa ta ruɓe. Yana son ƙasa mai sauƙi wadda ruwa ke tsanewa da wuri. Yana son hasken rana sosai, amma cikin sanyin iska. Zafin bazararmu ya fi ƙarfinsa. Wanda zai gwada shi a nan, sai da hunturu, lokacin da ake shuka alkama.

Kun ga ke nan ba za su zauna a kunya ɗaya ba. Ruwan da zai ishi gwaza zai kashe fofi. Ruwan da zai ishi fofi ba zai kai gwaza ko'ina ba.

YADDA AKE SHUKA SU

Gwaza ba a shuka ta da ƙwaya. Ƙananan 'ya'yanta ake binnewa, ko kuma a yanko kan uwar tare da guntun karan ganye. A zaɓi iri lafiyayye, marar ruɓa. A haƙa rami zurfin rabin taƙi ko ya ɗan fi, a zuba ruɓaɓɓen takin gida. Tsakanin gindi da gindi a bar ƙafa 2 zuwa 3. A yi noma da wuri, tun ganyenta bai rufe ƙasa ba. A riƙa tara mata ƙasa a gindi, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa don laima ta zauna. Tana nuna cikin wata 7 zuwa 12, gwargwadon iri. Alamar nuna ita ce ganye ya yi rawaya ya fara bushewa.

Fofi kuwa ƙwaya ake shukawa. Ƙwayar 'yar mitsitsiya ce, ta fi ta riɗi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. A gauraya ta da yashi, a watsa a kan gyararriyar ƙasa, a danna da tafin hannu. Kada a binne ta da zurfi, domin tana bukatar haske kafin ta tsiro. Ba ya son dashe, saboda haka a watsa shi a inda zai zauna. Idan ya fito, a rage shi, a bar taƙi ɗaya tsakani. Cikin wata 2 zuwa 3 zai yi fure. Kowane fure kwana ɗaya ko biyu yake yi ya zube, wani ya buɗe. Daga nan ya yi iri ya mutu.

AMFANINSU

Gwaza abinci ce. Ana dafa ta a ci da mai da yaji ko ƙuli-ƙuli. Ana yin fate da ita. Tana riƙe ciki, tana ba da ƙarfin aiki. Ɗanyen ganyenta, idan ya dahu sosai, ana yin miya da shi, kuma yana gina jiki. Iyaye mata kun fi ni sani, kwanon dafaffiyar gwaza ba ya kwantai a kasuwa. Bayan haka, irin baɗi yana fitowa daga gindin bana. Ba sai ka sake saye ba.

Fofi kuwa ado ne. Yana ƙawata ƙofar gida da filin makaranta. Ƙudan zuma suna zuwa wurinsa ɗibar garin fure. Wannan ma amfani ne, ban raina shi ba. Amma ba ya shiga tukunyarmu, kuma ba shi da masaya a kasuwar ƙauye.

A YI HATTARA

Na ɗaya, kada a ci gwaza ɗanya, ko ita ko ganyenta. Akwai wasu 'yan tsinaye a cikinta da ido ba ya gani. Su ne ke sa ƙaiƙayi a baki da maƙogwaro. Dahuwa sosai ce maganinsu. A kula da yara ƙanana. Mai feraye ta shafa mai a hannu kafin ta fara.

Na biyu, akwai ciwon ganyen gwaza. Ya ɓulla a Nijeriya a 2009, ya yi wa manoma ɓarna mai yawa. Yana farawa da ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa a ganye. Sai su faɗaɗa, ganyen ya ruɓe cikin 'yan kwanaki. Ya fi yaɗuwa da damina, lokacin da ruwa ke fantsama daga ganye zuwa ganye. Da ka ga alama, ka cire ganyen ka kai shi nesa ka binne ko ka ƙone. Kada ka cunkusa shuka. Kada ka ɗauki iri daga gonar da ta kamu. Ka sanar da malamin gona.

Na uku, fofi gindi ɗaya yana zubar da iri dubbai, kuma irin yana iya yin shekaru da yawa cikin ƙasa bai mutu ba. Kada a watsa shi kusa da gonar alkama. A tsinke kawunan kafin su bushe. Kada a bar awaki da tumaki su cika ciki da shi, domin yana iya yi musu lahani.

Na huɗu, fofi yana da wani ɗan'uwa da ake yin miyagun ƙwayoyi da shi. Doka ta hana noma wannan. Ba shi ne na Baba ba, na duba takardar. To, kun ga amfanin karatu. Duk irin da aka ba ka, ka karanta takardarsa kafin ka zuba a ƙasa. Idan da Turanci aka rubuta, ka kai wa malami.

SHAWARATA

Baba, ga amsarka. Bakin rijiyar nan na gwaza ne. Ruwan da ke zuba wajen ja ba zai tafi banza ba, kuma kafin shekara ta zagayo iyalinka za su ci. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Furen kuwa ka adana irinsa a busasshen wuri. Idan hunturu ya shigo, ka sami tsohuwar tukunya ka huda gindinta, ka zuba ƙasa mai yashi, ka watsa kaɗan. Ka ajiye a ƙofar zaure inda rana ke samu. In ya yi, jikoki sun sha kallo. In bai yi ba, ba ka yi asarar fili ba.

Ku kuma sauran, kafin ku sa kowace shuka, ku yi tambaya uku. Ruwa nawa take so? Wane lokaci take so? Me za ta ba iyalina? Ku rubuta tambayoyin nan a littafinku yau, malam zai duba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara mana ilmi mai amfani.