Waya taka ce, amma makullin yana hannun wa?

Samari da ƴan mata na Takieta, da ku da kuka taso daga Damagaram da Kance da Matamaye, sannunku da hanya.

Ni mai gyaran salula ne. Shekara goma ke nan teburina yana kusa da mararraba, inda babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ta haɗu da wadda ta gangara Matamaye har iyakar Ɗan Barto. An ce in yi magana a kan abin da yara ke kira rut. Na yarda, amma sai na fara ba ku labarin ɓarnar da na yi da hannuna.

Ina sabon shiga sana'a wata tsohuwa ta zo da waya ƙulle a bakin zane. Ta ɗanta ce, ya tafi ci-rani Libiya, Allah ya yi masa rasuwa can, abokansa suka kawo mata kayansa. Ta ce: "Yaro, an ce muryarsa na ciki. Ita kaɗai nake son ji." Na ce: "Inna, ki kwantar da hankalinki, aikin minti talatin ne." Wayar na da zane a fuska, ba wanda ya san shi. Na jona ta da kwamfuta, na yi mata filashi kamar yadda na ga ana yi. Ta buɗe tas, fayau, babu hoto, babu murya, babu lamba ko ɗaya. Tsohuwar nan ba ta zage ni ba. Ta ce: "Allah ya sa haka shi ne mafi alheri," ta miƙo mini jikka guda. Wallahi har yau na kasa manta hannun nan.

Abin da ban sani ba ranar shi nake son ku sani yau. Makullin waya ba ɗaya ba ne. Akwai na fuska: kod, zane ko yatsa. Akwai na asusun Google, wanda ya shigo da Android 5.1 a 2015, wato ko an goge wayar sai ta nemi adireshin mai ita na farko. Akwai na masu sayarwa bashi, in ba ka biya ba su rufe ta daga nesa. Sai na huɗu, na kamfanin da ya ƙera ta, wanda masu gyara ke kira butloda. Shi ne mai gadin da ke tashi kafin komai, ya duba ko manhajar da ke ciki ta kamfani ce, in ba ita ba ce ya hana ta shiga.

To mene ne rut? Android an gina ta a kan Linux, kuma a Linux akwai mai iko guda da ba a hana shi komai, sunansa rut. Ka sayi gida da kuɗinka, an bar maka zaure da tsakar gida, turaka kuwa a kulle. Rut shi ne makullin turaka.

Yadda ake yi, a taƙaice: ka shiga saitin waya, ka taɓa lambar sigar manhaja sau 7, ɓoyayyen sashen masu ƙira ya fito. Ka kunna izinin buɗe butloda. Ka jona da kwamfuta ka ba da umarni. Nan take wayar za ta goge duk abin da ke cikinta, kuma da gangan aka tsara haka. Sannan ka ɗauko fayil ɗin da ke tada wayar, ka gyara shi da Magisk, manhajar da wani ɗan Taiwan mai suna John Wu ya fitar a 2016, ka mayar da shi. Kun lura? Matakin farko ma sai kana iya shiga wayar. Ga shi wayoyin yanzu suna rikita bayanan ciki, kod ɗinka ne kaɗai ke warware su. Don haka duk wanda ya ce maka zai yi rut ya ciro hotuna daga wayar zamani da aka manta kod ɗinta, ka riƙe wayarka ka yi gaba.

Me ya sa mutane ke so duk da haka? Dalilansu na gaskiya ne. Ka sayi sabuwar waya, ka tarar da aplikasiyon goma da ba ka nema ba, ba su goguwa, suna cin memwar, suna shan megar da ka saya da guminka. Wani lokacin abin ya wuce haka. A 2020 kamfanin tsaro na Upstream ya ba da rahoton cewa an samu muguwar manhaja mai suna Triada a cikin dubban wayoyin Tecno W2 tun kafin su iso hannun masu saye a ƙasashen Afirka irin su Habasha da Gana da Kamaru, tana yi wa mutane rajistar abin da ba su nema ba. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, ya ce daga wani mai kawo masa kaya matsalar ta fito. Sannan akwai tsohuwar waya da kamfani ya daina sabuntawa. Da buɗaɗɗen butloda ana iya sa mata LineageOS ta ƙara shekaru, ko da yake galibin wayoyin da muke riƙewa a nan ba su cikin jerinta.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. In ka sa fayil ɗin da ba na wayarka ba, ko harafi ɗaya ya bambanta a lambar samfuri, tana iya mutuwa murus. Garanti yakan tafi. Wasu aplikasiyon na banki da na aika kuɗi suna ƙin buɗewa, don Google na da hanyar gane wayar da aka taɓa. A Samsung akwai alamar Knox, in ta ƙone ba ta dawowa har abada. Mafi muni, ƙofar da ka buɗe wa kanka ɓarawo ma ta nan zai bi. Ire-iren manhajojin nan na "taɓa sau ɗaya ka samu rut" da ake turawa a WhatsApp, ba ka san wa ka ba makullin turakarka ba.

Kamfanoni kuma sai ƙara ja suke. Huawei ta daina ba da kod ɗin buɗewa tun 2018. Xiaomi ta kasance tana sa ka jira awa 168, mako guda cur. A wasu ƙasashe mutane ba su yi shiru ba. A Amurka wani yaro ɗan shekara 17, George Hotz, ya buɗe iPhone a 2007, kuma a 2010 hukuma ta amince mutum na iya buɗe wayarsa. Tarayyar Turai, daga Yunin 2025, ta wajabta wa masu ƙera waya su samar da kayan gyara na shekara 7 da sabunta manhaja na shekara 5. Mu da ke riƙe waya ɗaya har sai fuskarta ta tsattsage, wa ya fi mu buƙatar irin wannan doka? Muna da ARCEP mai kula da sadarwa. Ƴancinmu ne mu tambaye su: wayar da ake shigowa da ita ƙasar nan, wa ke duba abin da ke cikinta?

Yanzu ga ƴan uwana masu gyara, daga nan har Kasuwar Dole. Yaro ya zo da waya mai tsada, bai san kod ba, bai san asusun ba, babu kwali, babu rasit, yana sauri. Ni da kai mun san ko ta wace ce. In ka buɗe, kai ne abokin ɓera. Dokar laifukan intanet ta 2019 ta hana shiga na'urar wani ba da izininsa ba, kuma tun kafin doka akwai Allah. Haka mijin da ya kawo wayar matarsa a ɓoye, ko saurayi ta budurwarsa. Ni amsata ɗaya ce: zo da mai ita.

Ga abin da nake roƙo ku yi daren nan. Danna *#06#, lambar IMEI mai alƙaluma 15 za ta fito, rubuta ta a takarda ka ajiye da rasit. Asusun Google ɗinka, kai za ka san kalmar sirrinsa, kada ka bar wa mai shago. Hotuna da muryoyin da kake ji da su, ka kwafe su wani wuri. In za ka koyi rut, koya a tsohuwar wayarka wadda in ta mutu ba za ka yi kuka ba. In kuma za ka yi tafiya mai nisa, ka bar kod ɗinka wurin mutum ɗaya da ka amince da shi. Da yaron nan ya yi haka, da uwarsa ta ji muryarsa.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, mai matacciyar waya kuma ya same ni bayan sallar magariba.