Kowane Lokaci da Irin Cutarsa

Jawabi ga jama'ar ƙasa a kan kiyaye lafiya daga farkon shekara har ƙarshenta



Babu manomin kirki da ke jiran saukar ruwan farko kafin ya tuna da gonarsa. Tun da bazara yake yin shara, ya kai taki, ya kai fartanya maƙera, ya tanadi iri. To, abin da na zo in faɗa muku yau bai wuce wannan ba. Yadda shuka take da lokacinta, haka ma yawancin cututtukan da ke kashe mana 'ya'ya suke da nasu lokacin. Ba sa zuwa ba zato, mun san watannin da kowace takan iso. Saboda haka maigidan da ya yi shiri tun kafin ta ƙwanƙwasa ƙofa, shi ne ya fi kusa da tsira da iyalinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da yake ƙasarmu tana da faɗi, lokutan nan ba su zo ɗaya a ko'ina ba. Mazaunin Sabo ta Ibadan, ko Agege ta Legas, ko Fatakwal, yakan ga ruwan sama tun watan Maris ko Afrilu har zuwa Oktoba, alhali mutumin Sakkwato ko Maiduguri sai wajen Yuni zuwa Satumba. Sai kowa ya auna maganata da yanayin inda yake zaune.

Hunturu

Bari mu fara da lokacin sanyi da ƙura. Iskar hunturu tana busar da hanci da maƙogwaro, sa'an nan sanyi yana tara mutane cikin ɗaki ɗaya, a toshe ƙofa da taga. Ta haka mura da tari da ƙyanda suke samun hanyar bin gida. A sa wa yara rigunan sanyi, kada a bar su suna yawo da sassafe ba sutura. In yaro yana tari, kuma numfashinsa ya yi sauri, ko aka ga awazunsa suna lotsawa in ya ja numfashi, wannan ya wuce mura. Alamar ciwon huhu ce, watau limoniya, a kai shi asibiti a ranar.

Akwai kuma haɗarin da mu ne muke jawo shi da hannunmu. Kaskon garwashi cikin rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi, mutum na barci ta gama da shi. Haka hayaƙin janareto yake. A fitar da kasko waje kafin a kwanta, janareto kuma a ajiye shi a fili, nesa da taga.

A wannan lokaci ne kuma zazzaɓin Lassa yake tashi, daga wajen Disamba zuwa Afrilu. An fara gane cutar nan a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno, yanzu kuwa ta fi addabar jihohin Ondo, Edo, Bauchi, Taraba da Ebonyi. Wani irin ɓera ne ke ɗauke da ita, yana zuba ta cikin abinci ta fitsarinsa da kashinsa. In an ƙone daji, ɓeraye sukan gudo cikin gari neman abinci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: a toshe ramuka, a rufe hatsi da gari cikin mazubi mai murfi, a daina shanya abinci a ƙasa a bakin hanya. Zazzaɓin da aka sha masa maganin cizon sauro kwana biyu ko uku bai sauka ba, kada a ci gaba da jinyarsa a gida. Mai jinya kuma kada ya taɓa jini ko aman majinyaci da hannu tsirara.

Bazara

Da sanyi ya ja baya zafi ya kama, sanƙarau yake ƙara ƙarfi, musamman a jihohin Arewa. Manya daga cikinku ba za su manta da annobar 1996 ba, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 11,000. Cutar tana bin tari da atishawa, ta fi son ɗakin da mutane suka cunkushe ba iska. A buɗe tagogi, a rage cunkoso a wurin kwana, musamman a makarantun allo da na kwana. Alamunta su ne zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, da matsanancin ciwon kai, da amai, da sanƙarewar wuya. A jariri kuwa akan ga maɗigarsa ta kumbura, ya ƙi kama nono. Sanƙarau yana iya kashe mutum cikin yini guda, wanda ya tashi ma wani lokaci yakan rasa jinsa. Amma yana da magani in an hanzarta, yana kuma da rigakafi. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare mutum daga iri biyar na ƙwayar cutar.

Zafin bazara shi kansa abin tsoro ne. Tsofaffi, da masu ciki, da masu aikin ƙarfi cikin rana, su yawaita shan ruwa, su nemi inuwa da tsakar rana. Sai dai jaririn da bai cika wata shida ba, nonon uwa ya ishe shi ci da sha, ko da ana tsananin zafi. Uwa ce za ta ƙara shan ruwa, ta ƙara ba shi nono.

Sa'ad da rijiyoyi suka ƙafe, jama'a sukan koma ga tafki da ruwan 'yan garuwa wanda ba a san inda aka ɗebo shi ba. A lura da wannan ƙwarai: alif yana kwantar da laka ruwa ya yi garau, amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Sai an tafasa ruwan, ko an sa masa maganin tsarkake ruwa bisa ƙa'idar da aka rubuta. A ajiye shi cikin randa mai murfi da moɗa guda mai tsabta.

Damina

Ruwan sama rahama ne, amma yana tafe da baƙi biyu: amai da gudawa, da zazzaɓin cizon sauro.

Cutar amai da gudawa, watau kwalara, daga bayan gida take fitowa. Ruwa ya kwashi ƙazantar da aka yi a fili ya zuba a rijiya, ƙuda kuma ya ɗauka ya sauke a kan abinci. A 2021 an yi zaton ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, fiye da 3,000 suka rasu. Shirinta tun bazara ake yinsa. Kowane gida ya haƙa masai mai murfi, nesa da rijiya da aƙalla mita 30. A ɗaga bakin rijiya, a yi mata murfi, a yashe magudanun ruwa kafin ruwa ya sauka.

Abin da ke kashe mai gudawa shi ne ƙarewar ruwan jikinsa. Don haka a ajiye ƙunshin garin gishiri da sukari da ake kira ORS a gida tun ba a bukace shi ba. A narka ƙunshi ɗaya cikin lita guda ta ruwa mai tsabta, watau kwatankwacin ledar ruwan sha biyu. In babu, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, cikin ruwa lita guda. A riƙa bai wa majinyaci kaɗan-kaɗan, ko da yana amai, ana kan hanyar asibiti ana ba shi. Abin da ya yi kwana ɗaya da yini a zubar, a haɗa sabo. Yaro kuma a ba shi ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, kada a hana shi nono ko abinci.

Game da zazzaɓin cizon sauro, in an raba masu kamuwa da shi a duniya kashi huɗu, wajen kashi ɗaya a Nijeriya suke, kuma ƙananan yara ya fi kashewa. Sauro a ruwan da ke kwance yake ƙyanƙyasa, cikin mako guda zuwa kwana goma ƙwai ya zama sauro mai tashi. A cike kududdufai, a kife tsofaffin tayoyi da gwangwanaye. Kowa ya kwana cikin gidan sauro mai magani, a fara da yara da masu juna biyu. Gidan sauro ba na kamun kifi ba ne, ba kuma na shingen lambu ba. A jihohin Arewa ma'aikata sukan bi gida-gida da damina, wata-wata, suna bai wa yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin kariya. A karɓe su, a kuma cika ba da maganin kwana ukun nan. A watan Disamba na 2024 an fara yi wa yara allurar rigakafin wannan zazzaɓi a jihohin Kebbi da Bayelsa.

Ba kowane zafin jiki ne zazzaɓin cizon sauro ba. A yi gwajin jini tukuna, ba ya wuce minti ashirin. Kulorakwin da muka saba da shi a dā ya daina aiki sosai, tun 2005 aka maye gurbinsa da maganin da ake kira ACT, wanda ake sha kwana uku cif. Yaron da ya fara taune-taune, ko ya suma, ko ya kasa shan komai, kada a tsaya hayaƙi da jiƙe-jiƙe, a garzaya da shi asibiti.

Kaka

Lokacin girbi ne macizai suka fi saran manoma, musamman kububuwa. A sa takalmi mai rufe ƙafa in za a shiga gona, kada a cusa hannu ƙarƙashin dami ba a duba ba. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibiti mai allurar dafin maciji, irin na Kaltungo a Jihar Gombe wanda ya shahara da wannan aiki.

Sa'an nan ina roƙon magidanta, kada a kwashe wake da gyaɗa da waken suya duka a kai kasuwa. Tamowar da ake gani a jikin yara da tsakiyar damina, tun a kaka ake shuka ta, ranar da aka sayar da abin da zai gina jikinsu. A ware rabon yara tukuna. Wajen ajiya kuma a guji zuba wa wake maganin ƙwari mai guba wanda ba a yi shi don abinci ba. A yi amfani da buhu mai leda biyu a ciki, ko duro mai toshewa, domin rashin iska kaɗai yana kashe ƙwaro.

Abin da ba ya da lokaci

Akwai abubuwan da ba ruwansu da rani ko damina. Na farko, wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga bayan gida, da bayan yi wa yaro tsarki, da kafin girki da cin abinci. Na biyu, mai ciki ta fara zuwa awo da wuri, ta kuma haihu a hannun ƙwararrun ma'aikata. Na uku, manya su riƙa gwada jininsu, domin hawan jini ba ya sallama, sai dai a ga mutum ya faɗi ɓarin jikinsa ya shanye. A rage gishiri da dunƙule a miya.

Na huɗu, kuma mafi girma, shi ne allurar rigakafin yara. Kyauta ake yinta a asibitocin gwamnati: ranar haihuwa, da mako 6, da mako 10, da mako 14, da wata 9, da wata 15. Uwa ta adana katin yaro kamar yadda take adana zinariyarta, uba kuma ya ba da izni, ya ba da kuɗin mota. Cutar mashaƙo da ta ɓarke a Kano da wasu jihohi a 2023 ta fi kama yaran da ba a yi musu allura ba, ko aka fara ba a ƙarasa ba.

Kada wani ya ce wahalar banza ce. Kakanninmu sun sha fama da agana, wadda ta makantar da mutane ta ɓata fuskoki. Da lamba aka kore ta, rabon Nijeriya da ita tun 1970, a 1980 kuma aka shelanta cewa ta ƙare a duniya. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙidaya mutum fiye da 650,000 masu kurkunu a ƙasar nan. Da tace ruwa da haƙa rijiyoyi aka ci ƙarfinsa, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu shi a Nijeriya. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar shan inna daga Afirka, ko da yake tilas a ci gaba da ɗiga wa yara magani, domin akwai wani nau'inta da ke kama yaran da ba su da kariya. Duk waɗannan nasarori da hannun jama'a aka same su.

Gwamnati za ta kawo allura da magani da ma'aikata, amma ba za ta shiga gidan kowa ta rufe masa randa ko ta ɗaura masa gidan sauro ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon masu unguwanni da limamai da fastoci su riƙa tunatar da jama'a a farkon kowane lokaci. In aka ga wata cuta ta kama mutane da yawa a unguwa ɗaya, kada a ɓoye, a sanar da asibiti mafi kusa nan da nan. Kai kuma maigida, in ka koma gida yau, ka dubi watan da muke ciki, ka tambayi kanka wace cuta ce ke tafe, sa'an nan ka yi shirinta tun tana nesa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya raya mana zuriyarmu.